Minti Goma Sha Biyu a Tashar Boven

Moamba, 6 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Yaya Filimone Nkuna, a Waterval Boven.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Salome. Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane mai magana. Ni ce Rabeka, 'yar Marta, kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito. Rabonmu da juna tun jana'izar mijina, shekara goma sha biyar ke nan. Ban iya rubutu ba. Malam Ernesto na cocinmu ne yake rubuta abin da nake faɗa, shi ne kuma zai karanta mini amsarka.

Mu dai muna nan da rai. Ruwa bai sauka ba bana, masara ta bushe a tsaye, rogo muke ci safe da yamma.

Yaya, maganar ɗana Azarias ce ta sa na neme ka. Shekara huɗu ke nan da ya hau jirgin ƙasa zuwa ramin zinariya a Johannesburg. Kwantiraginsa na wata goma sha takwas ne. Abokan tafiyarsa duk sun dawo, wasu har sun sake komawa, shi kuwa tun bayan wasiƙarsa ta uku shiru. Wanda na tambaya sai ya ce an sauya masa rami. Dattawan gidan mijina sun fara cewa a yi masa makoki a huta. Matarsa Delfina ta yi haƙuri iya haƙuri, ga 'yarsu Lina ta shekara biyar ba ta san fuskar ubanta ba. Yanzu an yi wa Delfina alkawarin aiki a masana'antar ɓare yazawa a Maputo, za ta fara a watan Yuli.

An ce mini tun da ka bar aiki kullum kana bakin tasha kana kallon jirage. An ce kuma duk jirgin da ya ɗauko 'yan rami zuwa gida sai ya tsaya a garinku. Ka duba mini tagogin nan. Ga hotonsa na sa a ciki, shi kaɗai gare ni, kada ya ɓata. Yana da tabo a girar hagu, kunnuwansa kuma irin na ubansa.

Ƙanwarka,
Rabeka Bila

*

Boven, 19 ga Maris, 1983

Ƙanwata Rabeka,

Na ga wasiƙarki, ta yi wata guda a hanya. Wane irin tunani kuma? Ina ganin sunan Marta na tuna ki kina yarinya kina satar mana gasasshiyar masara a gidan Kaka. Muna lafiya. Salome tana fama da gwiwa, ni kuma tari na kowace shekara, kyautar shekara talatin da ɗaya da na yi ina kwashe toka a ƙarƙashin kawunan jirage.

Kin kawo kuka inda ya dace. Salome takan ce, "Malam, da layin dogo aka ɗaura maka aure, ni dai mai dafa muku abinci ce." Ba ƙarya ta yi ba. Kowace safiya nakan gangaro daga unguwarmu, in haye kogi, in zauna a kan wani dutse a ƙarshen shingen tasha. Kujerun dakalin tasha na Turawa ne, ɗan sandan tasha ba ya barin mu mu zauna a kai, ko da mu ne muka yi musu fenti. Amma dutsen nawa ya fi kujerarsu, don daidai gabansa taragun baƙar fata suke tsayawa.

Daga nan ina ganin komai. Jirgin kwal yakan wuce da tarago arba'in, sai ƙasa ta yi ta rawa a ƙarƙashinki. Wanda yake hawowa daga kwari tun yana cikin ramin dutse nake jin nishinsa, kafin ma ya fito gefen da ruwan kogi yake zubowa. Ko idona a rufe zan gaya miki direban da yake riƙe da shi daga yadda yake taka birki. Wannan kogin namu ma, in kin bi shi, shi ne yake haɗuwa da wasu ya bi ta bayan garinku.

Jirgin 'yan rami yana zuwa Talata da Juma'a da hantsi. Minti goma sha biyu yake tsayawa a sauya direba. Tarago shida ne, na auna, ina iya bin su taga taga in dawo kafin a busa. Na fara tun Talatar da ta wuce. Ina kiran sunansa, samarin suna yi mini tsiya. Wani ya ce, "Baba, in 'yarka ya gudu ya bari, ga ni, ni ban da aure!"

Ki kwantar da hankalinki. Fuskar da ta wuce ta gabana sau ɗaya ba na manta ta. Ki ce wa dattawan nan su ajiye makokinsu.

Yayanki,
Filimone

*

Boven, 14 ga Yuni, 1983

Ƙanwata Rabeka,

Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Sanyi ya shigo da ƙarfi, ciyawa fari fat da safe. A gurguje nake rubutu don in riski jakar wasiƙu.

Yau na ga Azarias a jirgin da ya gangara wajenku. Gajimare ya sauko ya rufe tashar, jirgin kuma ya makara, don haka minti biyar kawai ya tsaya. A tarago na biyar yake, can ciki, ba a bakin taga ba, sanye da jar hular sanyi, da akwatin ƙarfe a kan cinyarsa. Na kira sunansa ya juyo. Kafin in kai wurin jirgi ya ja.

Allah ya sa wannan takarda ta same ku kuna dariya.

Filimone

*

Moamba, 21 ga Agusta, 1983

Yaya Filimone,

Ina gaishe ka, ina gaida Salome. Muna da rai.

Takardarka ta iso da wuri, kwana shida kawai, kamar an san abin da za ta yi mana. Malam Ernesto ya karanta mini a ƙofar coci. Da muka ga jirgin ranar ya riga ya wuce Azarias bai sauka ba, sai mutane suka ce ai ana tsare 'yan rami a ofishin kan iyaka, wani lokaci mako biyu. Muka yarda.

Akuya ɗaya ta rage mana, mai ciki. Na sa aka yanka ta aka shanya naman, don kada ɗana ya dawo ya tarar da rogo tsura. Delfina ta yi kitso. Ta aika Maputo ta ce a ba wata gurbinta, mijinta ya dawo. Muka wanke Lina muka koya mata ta ce, "Sannu da zuwa, Baba."

Kwana tara muna zuwa tasha, mu uku, tun safe har rana ta faɗi. Duk namijin da ya sauko da jar hula sai yarinyar nan ta ruga ta faɗa masa abin da muka koya mata. A rana ta tara ne ɗan gidan Matsinhe ya sauko, da jar hula, da akwatin ƙarfe. Ya ce a ranar da ka faɗa ya wuce ta Boven, a tarago na biyar. Ya ce wani tsoho yana ta ihu a bakin shinge, kowa ma ya juya ya kalle shi.

Naman mun ci shi, tunda ba a mayar da shi akuya. Delfina ta warware kitson da hannunta, ta koma ofishin masana'antar da ƙafa da mota, aka ce mata an cike wurin.

Yaya, ni na roƙe ka ka duba mini. Ban roƙe ka ka faranta mini rai ba. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan abu, na saba da nauyinsa, ina ma iya noma da shi. Ka sauke mini shi na kwana tara, ka sake aza mini.

Rabeka

*

Boven, 25 ga Satumba, 1983

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau uku. Salome ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Abin da ya same ku ya ƙona mini rai, Allah ne shaida. Amma ki yi mini adalci. Ban ce na ga Azarias ba. Cewa na yi na ga wani kamar Azarias. Ina tune da zaman da na yi a kan dutse, takarda a kan gwiwata, ina tune da na rubuta wannan kalma. Na gaya miki gajimare ya rufe wurin, na gaya miki can ciki yake zaune. Me ya sa zan faɗi wannan duka in ba don ki san ban tabbata ba?

Ba na son in ɓata sunan mutumin coci, amma mai karatu yakan yi tsallake idan yana ɗoki. Ki ce wa Malam Ernesto ya sa tabarau ya sake dubawa. Yaron nan kuma rabona da shi yana ɗan shekara goma sha huɗu, hoton da kika aiko bai kai faɗin yatsa biyu ba. Tun Maris ban fasa Talata ko Juma'a ɗaya ba, har ranar da ƙanƙara ta fasa mini leɓe. Ba godiya nake nema ba, amma kada a mayar da ni maƙaryaci.

Ina nan ina dubawa.

Yayanki,
Filimone

*

Moamba, 12 ga Nuwamba, 1983

Yaya Filimone,

Muna gaisuwa. Ga takardarka ta watan Yuni na mayar maka a cikin wannan. Kai ka iya karatu, ni ban iya ba. Ka nemo mini kalmar da kanka.

Delfina ta tafi Maputo da Lina, tana wanke-wanke a gidan wasu mutane. Dattawa sun sa ranar makoki, Asabar ta biyu a watan Janairu. Na daina hana su. Za a binne tufafinsa kusa da ubansa, a sallami Delfina daga auren.

Ka dawo mini da hotona. Ka ci gaba da kallon jiragenka, ai dama abin da kake yi ke nan kafin in dame ka. Amma kada ka sake rubuto mini abin da ka gani.

Rabeka

Ƙari daga mai rubutu: Baba Nkuna, ina da tabarau, kuma da su na karanta. Ernesto.

*

Boven, 10 ga Maris, 1984

Ƙanwata Rabeka,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. An ce hanyarku ta lalace, 'yan bindiga suna tare jirage bayan kan iyaka. Allah ya tsare ku. Salome tana gaishe ki, ita ce ma ta ce in ban rubuta wannan wasiƙa ba kada in ƙara cin tuwonta.

Da farko, kalmar ba ta nan. Na duba takardar a rana, na duba a inuwa, na ba Salome ta duba. "Na ga Azarias" na rubuta, da hannuna. A zuciyata na faɗi "kamar", hannuna ya ƙi rubutawa, don ina so in zama wanda ya samo miki ɗanki. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa tambayata abin da na gani, sai ke. Ki roƙa mini gafarar Malam Ernesto. Kunya ce ta hana ni amsa wata huɗu, ita ce kuma ta hana ni dawo da hoton.

Kin ce kada in sake rubuto abin da na gani. Zan saɓa miki sau ɗaya.

Ran Alhamis da ta wuce ina zaune a kan dutsena, jirgin fasinja mai hawa zuwa Johannesburg ya tsaya. Wannan ba na duba shi, tunda ba daga rami yake fitowa ba. Amma ƙafa ta saba, sai na tashi ina bin tagogin. Na wuce tarago na uku ke nan na ji an ce, "Kawu, wa kake nema ne kullum?"

Na waiwaya. Wani mutum ne ramamme, wuyansa kamar sanda a cikin kwalar riga, gashinsa ya fara fari. Na ɗauka sa'ana ne ko ƙanena kaɗan. Na ce, "Wani yaro nake nema, Azarias Bila, daga Moamba. Ka san shi?" Na miƙa masa hoton.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya yi ta yi har wata mata da ke kusa da shi ta matsa gefe. Da ya lafa ya ce, "Kai, wannan ai ƙato ne. Dubi wuya."

Sannan na ga tabon a girarsa.

Ya ce, "Kawu Filimone, sau huɗu ina wucewa ta gabanka. Sau biyu na sunkuya na ɓuya. Sau biyu ban ɓuya ba, ka kalli tsakiyar idona ka wuce."

Na ce, "Don Allah ɗana, ina ka shiga? Uwarka ta ƙare."

Ya ce shekara uku ke nan da aka sallame shi. Ƙurar rami ta cika masa huhu, likita ya buga masa hatimin barin aiki, aka sa shi a jirgin gida. Da suka kai Nelspruit, tsakanin garinmu da kan iyaka, ya sauka ya sha ruwa, bai koma ba. Yana wata gonar lemo yanzu, yana zaune yana ware manya da ƙanana, aikin da ake ba tsofaffin mata. Bayan wata shida-shida yakan hau jirgi zuwa Johannesburg a duba masa ƙirji.

Na ce, "To ka sauko. Yanzu. Ka kwana a gidana, gobe in raka ka har ƙofar uwarka."

Ya ce, "In je in yi mata me? Na ce mata zan dawo in yi mata rufin kwano. In koma ta riƙa ɗebo mini ruwa, Delfina tana kwashe mini kaki? Daga nan zuwa waccan gadar ba na iya kaiwa sai na huta sau biyu, Kawu."

Na ce, "Ita rufi ta ce maka tana so?"

Ya tambayi 'yarsa, na ce tana Maputo da uwarta. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Inna fa? Har yanzu tana goge rediyon Baba kowace safiya? Wannan da bai yi magana ba tun ina makaranta?" Na ce ban sani ba, ban taɓa jin zancen rediyon ba.

Aka busa. Na kama wuyan hannunsa, yatsuna suka zagaye shi har suka haɗu. Na ce ya gaya mini sunan gonar. Ya ce, "Gonar lemo ai da yawa." Jirgi ya fara ja, ina biye ina riƙe da shi, ɗan sanda yana yi mini tsawa. Shi da kansa ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kada ka gaya mata." Ya jefo mini hoton ta taga.

Rabeka, minti goma sha biyu na samu, kuma ban iya gaya masa zancen makokin ba. Sau uku yana zuwa bakina.

Na jira dawowarsa Juma'a da Asabar, ban gan shi ba, ko kuma na gan shi ban gane ba. Ga hotonki. In kin ce ƙarya nake yi, ba ni da bakin musu.

Yayanki,
Filimone

*

Moamba, 3 ga Yuni, 1984

Yaya Filimone,

Na gaishe ka, na gaida Salome, ta sha maganin gwiwarta. Wasiƙarka ta yi wata biyu a hanya, an buɗe ta an sake liƙewa. Hoton yana ciki. Malam Ernesto ya ce ya yafe.

Na yarda da kai. Ba wanda ya san zancen rediyon nan sai wanda ya girma a ɗakina. Da Malam ya kai wurin na ce ya tsaya, na fita bayan coci na daɗe, sannan na dawo ya ƙarasa.

An yi makokin a Janairu kamar yadda aka sa. Delfina ta zo, ta sa baƙi, ta zauna a tabarma kwana bakwai. Dattawa suka sallame ta. Yanzu akwai wani mai gyaran keke a unguwar da take, matarsa ta rasu, yana neman aurenta, ya aiko mutanensa wurina don girmamawa. Na gan shi, ba shi da surutu. Lina tana hawa wuyansa. An sa rana bayan girbi, in an yi girbin.

Mako biyu ina juya wasiƙarka a hannu. In na buɗe baki, Delfina ta koma matar aure. Na san ta, za ta mayar wa mutumin nan kayansa, ta ɗauki 'yarta su shiga bin gonakin lemo suna tambaya, ba takarda, ba kowa. Ta ba ɗana shekara biyar da gurbin aiki. Ya isa. Na sa Malam Ernesto ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse, wasiƙar kuma na sa ta a murhu. Kai da Salome ku riƙe bakinku.

Ka ce ɗana yana jin kunyar in ɗebo masa ruwa. Wa ya ɗebo masa shekara ashirin? Ubansa wata goma sha ɗaya ya yi a kwance, ni na juya shi, ni na wanke shi, shi yana tsaye yana gani. Ya san zan iya. Ya zauna tafiyar yini ɗaya daga ƙofata shekara uku, yana ware lemo, ni ina tare baƙi a tasha ina tambayarsu.

Ba zan zo Nelspruit ba. Ƙafata ba za ta kai ba, kuma ba zan bi gona gona ina roƙon ɗan da na haifa ba. Jirgin da yake hawa ya san hanyar Moamba.

Ka ce bayan wata shida yake wucewa, wato Satumba ke nan. Ka duba jirgin mai hawa, ka duba tsofaffi. In ya yi maka magana, kada ka kama hannunsa, kada ka roƙe shi. Ka ce masa ya bar Delfina ta zauna lafiya, kada ya kuskura ya neme ta. Ƙofata kuwa ba ta da sakata, ya sani.

Abin da ka kasa faɗa masa kuma ka faɗa masa wannan karon. Ka ce an yi masa jana'iza mai kyau, mutane sun cika har waje, an yi waƙar da yake so. In ya ga dama ya zo ya ga wurin. Ni nake share shi kowace Asabar.

Ƙanwarka,
Rabeka